Zauren Gwaggo Dije Ba Bangon Littafi Ba Ne

Zuwa ga Manajan tashar nan mai karanta littattafan Hausa a intanet, wadda ta karanta labarina mai suna Turmin Kango.

Yallaɓai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Saratu Idi. A Limancin Kona aka haife ni, a Kwarbai nake aure, kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan cikin birnin Zariya. In sunan bai tuna maka komai ba, ba zan ga laifinka ba, don sababbin marubuta irina da ke turo muku labari sun fi a ƙirga. Ni ce mai labarin turmin nan da ke daka shi kaɗai da tsakar rana, wanda kuka karanta bayan ƙaramar Sallah.

Bari in fara da mai daɗin. Alhamdu lillahi, ƙurar da ta taso ta lafa. Ina rubuta wannan takarda da hankalina a kwance, na ci abinci na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba. Da wadda na rubuta a tsakiyar damina ce ta iso gare ka, da ba ka karanta ta a gaban mutane ba. Maigidana ya gan ta, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in na huce in zo in karɓa. Na huce, kuma ban karɓa ba. Wannan sabuwa ce.

Ban ambaci sunan tasharku ba, kuma ba zan ambata ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Na mai da takardar buɗaɗɗiya ne saboda ɓarnar a bainar jama'a aka yi ta, kuma akwai marubuta da yawa a bayana da za su bi hanyar da na bi. Matar da abin ya shafa kuwa, da izininta na sa sunanta.

Na ɗaya, yadda na zo hannunku.

Ni labarin ban tsoro nake rubutawa, gajeru, irin wanda mutum zai karanta kafin tuwo ya huce. Ba sai na gaya maka wuyar kasuwarsa ba. A guruf-guruf na masu karatu a waya, in mai labarin soyayya ta ɗora shafi ɗaya, kafin ta ajiye wayar an cika ta da addu'a ana roƙon ci gaba. Ni in na ɗora nawa, sai wata ta turo a'uzu billahi, wata ta ce Malama ki ji tsoron Allah ni kaɗai ce a gida, shi ke nan sharhin ya ƙare. Amma na lura da abu guda: masu cewa ba sa karantawa su ne ke bi na ta bayan fage suna tambayar yadda labarin ya ƙare.

Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa na tattara labaraina wuri guda. Da babban yatsana na buga su a waya, a ɗakin malamai lokacin hutun tara, da kuma bayan na sauke tukunya. Da na ɗauki adashina na kai wa wani mai ɗab'i ya fitar mini da 'yan kwafi, na ɗauko su a kwali a bayan mashin ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga Makka. Na kai wa masu sayar da littattafai, suka karɓa don kunya, suka jera su a can ƙasa inda sai mai neman takalminsa zai gan su.

A nan ne wata ƙawata ta ba ni shawarar in kai muku ɗaya daga cikin labaran ku karanta, ku faɗi inda za a sami littafin. Ta ce yanzu kunne ya fi ido kasuwa, kuma ta yi gaskiya. Na biya kuɗin tallar da kuka yanka ba tare da neman ragi ba. Na turo labarin, na turo hoton bangon littafina, wanda zane ne na turmi da taɓarya kawai, wani ɗalibin zane ya yi mini. A saman labarin kuma na rubuta, kamar yadda nake yi kullum, cewa ƙagagge ne, ba a yi shi don wani ko wata ba, kuma garin da ke cikinsa babu shi a duniya.

Na biyu, abin da kuka canja ba da sanina ba.

Ranar da karatun ya fito na tara 'yan gidanmu don su ji. Muryar mai karatunku, in faɗi gaskiya, ta yi. Ni da na rubuta labarin sai da tsigar jikina ta tashi. Amma tun daga farko na ji an tsallake jimlar nan tawa ta ƙagaggen labari. Na duba rubutun da ke ƙasa, sai na ga an cire sunan labarin an sa wani da manyan baƙaƙe, wai labarin gaskiya ne na gidan da aljanu ke daka a birnin Zazzau. Ni ko sau ɗaya ban ambaci Zazzau a labarin ba.

Sannan na dubi hoton. Babu turmina, babu taɓaryata. Wani tsohon zaure ne na ƙasa, mai zanko biyu a sama, ɗaya ya gutsure, da ƙyauren itace mai manyan ƙusoshi, da reshen durumi ya leƙo ta gefen hagu. An rage wa hoton haske, an kuma ƙara wata farar inuwa a bakin ƙofar. Ƙanwar maigidana ce ta fara magana, ta ce, “Anti, wannan ba gidan Gwaggo Dije ba ne?” Ni kuwa na riga ta ganewa.

Daga baya na ji cewa wani ma'aikacinku ne ya zo biki Zariya, ya zaga cikin birni yana ɗaukar tsofaffin gine-gine, ya ajiye su don irin wannan rana.

Na uku, gidan wane ne.

Yallaɓai, an ce baƙo makahon gari ne, don haka zan yi wa ma'aikacin naka uzuri na rashin sani, amma bari in sanar da ku. A wurin wanda ya zo daga nesa, zauren ƙasa zauren ƙasa ne, duk ɗaya. A wurinmu ba haka ba ne. A cikin ganuwar nan ba a kwatance da lambar gida. Zaure shi ne fuskar gida, kuma kowa ya san fuskar kowa. Ka nuna wa tsohon da ke Ƙofar Gayan hoton wani zaure na Limancin Kona, zai gaya maka wanda ya gina shi, da sana'ar gidan, da gidajen da suka haɗa aure da su. Abin da kuka ɗora a fuskar karatun nan daidai yake da ku ɗauki hoton mutum ku rubuta a ƙasa cewa ga mai hulɗa da aljanu.

Gidan ba kango ba ne. Zankon da ya gutsure ruwan bara ne ya ci shi, ana jiran kaka a yi yaɓe. A cikinsa akwai Gwaggo Dije, dattijuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma sana'arta fura. Tun ban iya ɗaura zane ba nake jin kirɓinta ta kan katanga, don lungu ɗaya ne tsakanin gidansu da na mahaifina. Sau biyu take kirɓi a yini. Na safe na matan Fulani ne masu tallar nono, waɗanda ke shigowa daga rugage su sari fura a wurinta su wuce kasuwa. Na biyu kuwa dab da azahar take yin sa, don gidajen unguwa da magidanta masu sha bayan an sauko daga masallaci. Da wannan turmi ta rufa wa kanta asiri shekara da shekaru, ba ta taɓa zuwa ƙofar wani da ƙoƙon bara ba.

To ka haɗa su da kanka. Ga labarin gidan da ake jin daka da tsakar rana ba a ganin mai yi. Ga hoton gidan da kullum ake jin daka da tsakar rana, kuma a cikin gida ake yi, inda namiji ba ya shiga balle ya ga mai dakan. Ga rubutu ya ce gaskiya ne. Ga kuma sunan marubuciya, 'yar unguwar, wadda ta tashi a bayan katangar. Ko ni aka kawo wa wannan a kan wata, sai na yi jim.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Mutanenmu, Allah ya shirye mu. Waɗanda suka sha furar nan tun suna goye su ne suka fara tuna abubuwa. Wannan ya ce dama shi ya daɗe yana mamakin ƙarfin dakan, ai ba na tsohuwa ba ne. Wancan ya ce danƙon furar ya yi yawa, ruwa ba ya tsami banza. Wata ta tuna ciwon cikin da ta yi shekarun baya ta ɗora shi a kan furar. Mai shagon bakin lungu, wanda ba zan faɗi sunansa ba don yanzu ya dawo hanya, shi ya zama gidan rediyon unguwa, duk wanda ya zo sayen sabulu sai ya kunna masa karatun ya nuna masa hoton, ya kuma nuna masa zauren da leɓe.

'Yan acaɓa suka sami sabuwar hanya, suna kawo baƙi kallon gida. Samari suka riƙa tsayawa a ƙofar da waya a hannu, suna jiran azahar su naɗi ƙarar turmin. Har wani ya zo daga wajen gari da jarkar ruwan addu'a, ba wanda ya kira shi, wai ya zo taimako.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya faru da cinikin. Gidajen unguwa suka daina aikowa. Sannan karatun ya faɗa hannun masu tura wa mutane fina-finai da karatun littattafai a waya, daga nan ya bi katin waya ya isa rugage. Matan da ke sarin fura suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ba na ganin laifinsu. Mai tallar nono da amana take ciniki, in aka ce furarta ta gidan aljanu ce, nononta ma ya tashi daga aiki. Ta ƙarshe da ta daina zuwa ita ce Inna Adama, babbarsu, wadda ta fi kowa daɗewa tana hulɗa da Gwaggo.

Ni kuwa na shiga guruf-guruf ina rantsuwa cewa ƙagagge ne. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Aka ce in ba rami me ya kawo rami, an tsorata ta ne shi ya sa take janyewa. Wanda bai ji labarin ba ma ya ji daga bakina. Na bi masu sayar da littattafai na kwashe kwafina, a daidai lokacin da aka fara tambayarsu, na tura kwalin ƙarƙashin gado. Ban taɓa zaton ranar da za a nemi littafina ita ce ranar da zan ji kunyar sunana a jikinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Gwaggo Dije ba ta da babbar waya, kuma duk unguwar an rasa mai ƙarfin halin gaya mata abin da ake ciki. Ita dai ta ga fura tana kwana tana tsami. Ta zaci hannunta ne ya lalace da tsufa. Ta canja mai kawo mata gero, ta ƙara citta, ta rage kanumfari. Ta ba da furar sadaka, aka dawo mata da ita da wani uzuri. Da ta lura mutane na taruwa a waje in ta fara daka, sai ta ɗauka ƙarar ce ta dame su, ta riƙa shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmin. Daga baya ta jingine taɓaryar gaba ɗaya.

Ni na gaya mata. Na shiga na same ta a tsakar gida tana tsince geron da ba za ta daka ba, na durƙusa na kwashe komai na faɗa. Ta ture geron gefe. Da ta ɗago, ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, cewa ta yi, “Saratu, me na yi miki?” Yallaɓai, na rubuta labaran ban tsoro da yawa, amma ban taɓa rubuta jimlar da ta hana ni barci kamar wannan ba.

Na biyar, amsar da na samu daga wurinku.

Tun ranar farko na kira lambar da na biya kuɗin talla ta hannunta. Wadda ta ɗauka ta saurare ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba, sannan ta ce ai haka ake tallar irin wannan labari, in ba a ce gaskiya ne ba mutane ba sa buɗewa. Ta ce in duba yawan waɗanda suka saurara, in gode wa Allah sunana ya fita. Na ce mata sunan wata ne ya fita, kuma ba ta hanyar da ake so ba. Ta ce za ta isar da saƙo. Na yi ta turo saƙonni ana nuna mini an karanta, ba amsa.

A ƙarshe dai kun cire hoton kun mayar da zanen turmina. Na gani, kuma na gode, don wanda ya gyara ya fi wanda ya yi kunnen ƙashi. Sai dai magana zarar bunu ce. Abin da kuka goge a tasharku yana nan daram a katin wayoyin mutane, da tsohon hoton da tsohon rubutun. Kuma har yau ba ku ce wa masu sauraronku komai ba.

Na shida, yadda Allah ya kawo sauƙi.

Wannan ba ƙorafi ba ne, amma ina so ka ji shi, don ka san wanda ya ɗauke muku kayan da kuka sauke a ƙofar mutane.

Mahaifina, Malam Idi, maɗinkin babbar riga ne, mutum ne da bai cika magana ba. Tun da abin ya faru bai ce mini kanzil ba, kuma shirun nasa ya fi mini duka ciwo. Ran nan ya aiko in zo, ya sa hularsa ya ce mu je wurin Liman. Na zauna daga ƙofar ciki, shi ya yi bayani. Roƙona ɗaya ne, Liman ya yi sanarwa a masallaci cewa labarin ƙarya ne. Liman ya gama ji, ya ce ba zai yi ba. Ya ce in ya tashi a gaban sahu ya haɗa sunan baiwar Allah da aljanu a jimla ɗaya, ko da don ya ƙaryata ne, to ya ƙara ɗaure su wuri guda. Ya ce mu je, Allah ya kai mu gobe. Na koma Kwarbai raina a ɓace, ina cewa a zuciyata dattijon nan ya sallame mu ne kawai.

Abin da ya faru washegari ban gani da idona ba, don mace ba ta zama a ƙofar masallaci. Mahaifina ne ya ba ni labari, kuma ranar ce na fara jin ya yi doguwar magana har da dariya.

Ashe tun da yamma Liman ya tura iyalinsa wurin Gwaggo, cewa gobe yana son fura, ta yi kirɓinta a lokacin da ta saba, kuma ta ɗauke tsumman nan. Da aka idar da azahar bai shiga gida ba, ya zauna a dakalin masallaci, jama'a suka zauna don ba a tashi a bar shi. Ya ce wa Ladan ya je gidan Dije ya karɓo masa saƙo. Ladan ya je ya dawo da fura a faifai, a buɗe, ya ratso lungun kowa na gani. Inna Adama kuwa a gindin bishiyar da ke kusa da masallacin take zama da ƙwaryar nononta, da furar da ta koma saye a wata unguwa. Liman ya sa aka kira ta, ya ce ta auna masa nono, ta dama masa da furar Gwaggo Dije da hannunta.

Mahaifina ya ce ta tsaya tana duban furar kamar za ta yi magana, amma wa zai ce wa Liman a'a a gaban masallacinsa? Ta durƙusa ta dama. Liman ya yi bisimilla ya sha, ya ƙara, ya gyara zama ya sake ƙarawa. Sannan ya miƙa ludayin ga na kusa da shi, wanda Allah ya sa mai shagon bakin lungu ne. Ya karɓa, ya sha kamar mai shan maɗaci, ya miƙa gaba. Haka ludayin ya zaga har aka ga gindin ƙwarya. Liman bai yi wa'azi ba, bai ambaci labari ko waya ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne, “Allah ya yi wa Dije albarka, hannunta bai canja ba.” Ya shafa addu'a ya tashi.

Washegari ya sake, jibi ma haka. Ya ci gaba da yi har sai da ya zama in Ladan ya je karɓo furar Liman sai ya tarar da 'yan aike a gabansa. A wurinmu in an ɓata mutum ta wajen abincinsa, rantsuwa ba ta wanke shi, sai wanda ake jin nauyinsa ya ci daga hannunsa a gaban jama'a. Na san wannan tun ina yarinya, amma da abin ya zo sai na tafi neman magani a waya.

Ba a daɗe ba Inna Adama ta shiga gidan da sassafe da ƙwaryarta, ta gaida Gwaggo kamar jiya suka rabu, ta ce a zuba mata kamar kullum. Gwaggo ma ba ta tayar da zancen ba, ta zuba mata har da gyara. Ranar da na je gaida mahaifina na jiyo kirɓin nan ta kan katanga dab da azahar, da ƙarfinsa, sai na zauna a bakin rijiya na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Matar babana ta zaci wani abu ne ya faru, na ce mata lafiya lau, daɗi ne.

Na mayar da littattafaina kasuwa da yardar mahaifina, kuma ban daina rubuta labarin ban tsoro ba. Amma ba duka aka dawo ba. Matan rugagen da ke nesa, waɗanda ba su ga abin da ya faru a dakalin masallaci ba, har yanzu suna wuce lungun. Su ba sa karanta guruf, ba za su karanta wannan takarda ba. Da kunne suka ji, kuma da kunne kaɗai za su ji gyaran.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ina roƙon ku naɗi gyara da muryar mai karatun nan da ya karanta labarin, shi ɗin dai, don muryarsa aka sani. Ya faɗa a fili cewa Turmin Kango ƙagaggen labari ne, cewa ku kuka ƙara kalmar gaskiya, kuma gidan da aka nuna ba shi da alaƙa da labarin. Ku sa shi a farkon karatunku na gaba, ba a ƙarshe ba inda mutane sun riga sun kashe waya, ku kuma bar shi ya bi hannun masu tura karatu kamar yadda na farko ya bi.

Ina roƙon ku daina cire jimlar da marubuci ya sa ta cewa labarinsa ƙagagge ne. Ba ado ba ce. Mu masu rubuta labarin aljanu a cikin mutanen da suka yi imani da akwai aljanu, wannan jimla ita ce katangar da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu.

Ina roƙon kada ku sake ɗora hoton gidan da mutane ke ciki a kan irin wannan labari, a Zariya ne ko a wani gari. Masu zane suna nan da yawa suna neman aiki. Kuma duk abin da za ku canja a aikin marubuci, ku nuna masa kafin ya fita. Ku 'yan uwana sababbin marubuta, ku ma ku nemi a nuna muku, kada zumuɗin jin sunanku a bakin mai karatu ya hana ku tambaya.

Buƙata ta ƙarshe ba tawa ba ce. Da na gaya wa Gwaggo Dije zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana son a nemi diyyar cinikin da ta rasa. Ta ce ba ta so, abin da ya wuce ya wuce. Ta ce ita abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Wanda ya ɗauki hoton ya zo har ƙofarta, ya tsaya a inuwar duruminta, ya gama abin da zai yi ya juya, tana ciki ba ta sani ba. Ta ce in gaya maka, da ya yi sallama, da an amsa masa, da ya san akwai mutum a gidan, kuma da bai tafi da ƙishirwa ba. Ta ce ƙofar tana nan inda ya bar ta. In kai ko shi kun shigo Zariya, ku zo ku yi sallamar da ba a yi ba.

Allah ya ƙara wa tasharku albarka, ya sa ta zama sanadin arzikin marubuta da masu sauraro. Allah ya tsare ka da iyalinka daga bakin duniya, ya rufa maka asiri kamar yadda ya rufa wa baiwarsa Dije, ya ba mu ikon gyara abin da hannunmu ya ɓata tun muna da rai.

Wassalam.

Taku,
Saratu Idi,
Kwarbai, Birnin Zariya.